Gurbin da Muke Bari a Da'ira

Ku da kuke bi na a wannan shafi kun ishe ni da tambaya ɗaya: wai an sa rana? Har wata ta rubuto min cewa ta riga ta kai ɗinki. 'Yar'uwa, ki ce wa telanki ya dakata da almakashi tukuna, ki samu wuri ki zauna. Wanda kuma yau ya fara cin karo da ni, bai makara ba. Ni malamar makarantar yara ce daga Litinin zuwa Juma'a, ranar Asabar kuma ni ce shugabar 'yan sikawut mata na unguwarmu. Riga mai ruwan toka da aljihu biyu, dogon siket shuɗi, ƙaramin hijabi fari, sai ɗankwalin wuya rawaya da ake zura wa zoben fata. A cikin waɗannan kayan na fi jin ni ce ni, kuma su ne suka hana gidanmu zaman lafiya shekara da shekaru.

"Wane namiji ne zai tsaya ya yi wa mace mai usur a wuya magana?" in ji Gwaggo, yayar Abbanmu, duk ranar da ta zo. "Ai tsoro zai ji kar ki hura masa a kama shi."

Umma ba ta dariya in an yi wannan zancen. Sai dai ta dube ni ina goge siket ɗin ranar Juma'a da yamma, ta ce, "Sa'anninki suna goge kayan 'ya'yansu." Maza biyu sun zo sun tafi a kan ɗankwalin nan. Na farko ya ce in an yi aure sai in ajiye wasan yara. Na biyu bai ce komai ba, ya gan mu ne wata Asabar muna kwashe shara a bakin kwata, ni da safar hannu da shebur, daga ranar lambarsa ta daina shiga.

To ku faɗa min, mace irina ta gamu da namijin da yunifom ɗin ne ya fara burge shi, yaya za ta yi?

A bana yaran suka zaɓi aikin da za mu yi wa unguwa: tsofaffin da ke zaune su kaɗai, mu je mu share musu gida, mu wanke labule, mu yanke musu farce, mu shafe bango da fenti. Na shiga wani kantin fenti a kan babban titi neman taimako. Mai kantin yana sunkuye yana rubutu. Da na yi sallama ya ɗago, sai biron ya suɓuce daga hannunsa ya gangara ƙarƙashin kanta, shi kuwa ya miƙe tsaye kamar wanda shugabansa ya shigo. Ni kuma, Allah ya yafe min, na ɗauka kyau ne ya yi aikinsa, har na gyara tsayuwa.

Ya ba mu fenti da burushi ya ce kyauta ne. Ranar Asabar shi ya turo kayan a baro da kansa, yana gumi, ga masu babur suna wucewa yana ɗaga musu hannu cewa a'a. A wayata na ajiye lambarsa da Mai Fenti, shi kuma Shugaba yake kira na, tun ranar farko har yau.

Ba zan ɓoye muku ba, na so shi, kuma ina rubutun nan ina son sa. Mutum ne mai sanyin murya, dogo, da ɗan tabo a haɓa. Duk safiyar Asabar saƙonsa ke riga ƙararrawar wayata: "Shugaba, ki hau mota, kar ki hau babur, ko za ki makara." In na fita kuma: "Kin isa?" In na yi jinkirin amsawa sai wani ya biyo, da wani, har wayar ta yi zafi. Ƙanwata, wadda muke kira Rediyo saboda bakinta ba ya mutuwa, ta ce, "Yaya, wannan ba saurayi ba ne, jami'in tsaro ne." Na jefe ta da matashi, amma a raina daɗi nake ji. Sauran ranakun mako yana kanti ina makaranta, sai waya. In kuwa mun tashi aiki ranar Asabar na ce bari in je gida in canja kaya in fito, sai ya ce, "A'a, zauna yadda kike. Haka na fi son ganinki."

Har gyara min ɗankwalin yake yi, da baki, ba ya taɓawa. "Zoben ya yi sama. Sauke shi kaɗan. Karkata shi hagu. Yawwa." Sai ya yi ajiyar zuciya kamar an sauke masa kaya. Kyautarsa ta farko ma ba turare ba ce. Usur ne na ƙarfe, tsoho, a naɗe cikin farin ƙyalle, bakinsa da 'yan alamun haƙori.

"Na gado ne?" na tambaye shi ina dariya.

"Na gida ne," ya ce.

Yanzu sai na gaya muku wata al'adar rundunarmu, don ba za ku gane sauran ba sai da ita. Duk ranar da muka gama aiki, yaran kan yi da'ira su riƙe hannun juna mu maimaita alkawari. Amma ba ma rufe da'irar. A hagun shugaba ana barin gurbi daidai tsayuwar mutum ɗaya, ni in miƙa hannuna na hagu, yarinyar da ke can gefe ta miƙo na dama, hannuwan ba sa haɗuwa. A haka na gaji abin daga Malama, tsohuwar shugabar da ta miƙa min rundunar lokacin da muka dawo unguwar, ita kuma ta koma wurin 'ya'yanta. Na tambaye ta dalili, ta ce, "Ki bar shi kawai, ai ba ya cin abinci." Yaran suna kiran wurin ƙofar iska. Ƙananan ba sa son tsayawa a bakinsa, wai hannu yana yin sanyi, ni kuma in ce musu tsoro ne kawai. Abin da na lura shi ne, duk sanda muka yi da'irar, Mai Fenti kan juya mana baya ya kama wanke burushin da an riga an wanke.

Da magana ta yi nisa ya je ya gaida Abba, aka ce manyansa su zo. Umma ta fara yi min magana da murya mai laushi, har ta karɓi dutsen guga wata Juma'a ta goge min siket ɗin da hannunta. Kafin zuwan manyan sai ya turo saƙo: "Ina so Inna ta gan ki. Ita ma tsohuwa ce, ita kaɗai take wuni. Ku sa gidanmu a cikin aikinku. Ku zo da yaran, ki zo yadda kike."

Gidan yana ƙarshen wani lungu, ƙarami, da bishiyar lemo a tsakar gida da igiyar shanya daga reshenta zuwa taga. Inna na zaune a kan tabarma, siririya, da farin mayafi. Da muka shiga ta bi yaran da kallo ɗaya bayan ɗaya, ta zo kaina ta tsaya, ta dubi wuyana, sannan ta sunkuyar da kai ta ce mu shigo. Shi kuma ya sauke galan-galan na fenti mai ruwan sararin sama, ya ce wa yaran, "Duk ɗakunan, kar ku bar ko ɗaya," ya koma kanti.

Na raba musu aiki, ni na zauna da Inna. Na jiƙa ƙafafunta a ruwan ɗumi, na yanke mata farce, na shafa mata mai. Ba ta da yawan magana. Ina jin yaran suna waƙa suna jan kujeru, ana zubar da ruwa, ana faɗa a kan tsintsiya. A can ƙarshen baranda akwai wata ƙofa da kwaɗo ke rataye a jikinta a buɗe. Na gan shi da muka shigo, ban kawo komai a raina ba. Ni na koya wa yaran nan cewa 'yar sikawut ba ta barin wuri yadda ta same shi, sai ta gyara. Sun kuwa ji magana.

Can sai ga Tsinke, babbar cikinsu, da fenti har a gira, tana washe baki. "Anti, zo ki ga ɗakin ƙarshe. Ƙurar da muka kwaso ta isa a shuka masara. Har yunifom muka samu a hanga, mun wanke shi."

Na juya. A kan igiyar shanya ga riga mai ruwan toka da aljihu biyu tana ɗigar ruwa, ga siket shuɗi, ga ɗankwali rawaya da ya koɗe. Irin nawa sak, sai dai ƙanana, na yarinyar da ba ta gama tsayi ba. Iska ta shiga hannuwan rigar ta ɗaga su.

Ɗakin kuwa sun yi masa aiki, ba ƙarya. Sun fitar da katifa rana, sun wanke zanin gado, sun goge takalman makaranta sun jera a bakin ƙofa, wani kofi da suka samu a kan tebur da abin da ya bushe a cikinsa sun kankare shi har yana ƙyalli. Bango uku sun sha fenti. A na huɗun, inda burushi bai kai ba, ga zane-zanen ƙullin igiya da fensir, irin waɗanda ake koya wa sababbin shiga, ga kuma 'yan layukan awon tsayi suna hawa, suka tsaya daidai kafaɗata.

"Anti, ta wace runduna ce?" in ji wata ƙarama da muke kira Sarkin Tambaya. "Bajonta irin namu ne fa."

Na dawo tsakar gida na durƙusa gaban Inna zan ba ta haƙuri, don na gane garin gyaran gira mun tsone ido. Ban buɗe baki ba Mai Fenti ya shigo, da ledar lemo da biskit na yara. Ya ga igiyar. Na jira ihu, ko zagi, ko ya ce mu fita. Sai ya dubi rigar, ya dube ni, ya sake duban rigar, fuskarsa ta washe da wani murmushi da ban taɓa gani ba.

"Inna, kin gani? Ba na faɗa miki ba?"

Inna ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta juyo ta dafa tabarma kusa da ita ta ce, "Na gani. Auta, zo ki zauna."

Wayata ta yi motsi a aljihu. Yana tsaye a gabana, amma saƙo ya turo: "Don Allah ki amsa. Ƙanwata ce, ta rasu. Tun lokacin hankalin Inna bai dawo daidai ba. Yau ne na fara ganin fuskarta ta saki."

Ku da kuke karantawa a kan gadonku kuna da damar cewa da ku ne ba za ku amsa ba. Ni tsohuwa na gani, da ƙafafunta da na gama shafa wa mai, yarana sun wanke ƙamshin 'yarta sun zubar a kwata. Na ce, "Na'am, Inna."

Da muka zo tashi muka yi da'ira a ƙarƙashin bishiyar. Ranar bai juya baya ba. Ya matso har bayan yaran ya ce, "Ku matsa ku rufe wurin nan mana. Ai kun cika." Yaran suka dube ni. Tsinke ce a bakin gurbin, ba ta matsa ba. Na ce, "Haka muke yi," na ja alkawarin da sauri. Muryata ban gane ta ba.

A gida na zayyana wa Umma da Gwaggo komai. Na ɗauka za su tsorata. Gwaggo ta tafa hannu ta ce, "Ikon Allah. Mata suna can suna neman surukar da za ta amsa musu gaisuwa, ke kin samu wadda ta ɗauke ki 'yar cikinta, kina ɓata fuska? Ai tsuntsu ne daga sama gasasshe."

"Gwaggo, sunan matacciya fa take kira na da shi."

"To cizo yake yi? Mu nan wa ba a sa wa sunan wanda ya mutu ba?"

Umma ta fi ta taushi, amma wuri ɗaya suka nufa. "Lada ne, 'yar nan. Ki faranta ran tsohuwa. Yaron nan ya yarda da usur ɗinki da shararki, me kuma kike nema? Kar ki sa Abbanku jin kunya, an riga an ce wa mutane su zo ranar Lahadin ƙarshen wata."

Rediyo ce kawai ta bi ni ɗaki ta ce a hankali, "Yaya, usur ɗin nan da ya ba ki, haƙoran wa ne a jiki?" Na ciro shi daga aljihun rigata na daɗe ina kallo. Watanni ina sa shi a bakina. Na naɗe shi a ƙyallensa na tura can ƙasan akwati, duk da haka na kasa daina jin ɗanɗanon ƙarfen a harshena.

Asabar biyu da suka biyo na je gaida Inna bayan aiki, a cikin yunifom, kamar yadda ya roƙa. In ta ce Auta in ce na'am. Ya kawo min shayi a kofin nan da yaran suka kankare. Ya ƙarasa fentin bango na huɗu da kansa, amma ya zagaye layukan awon tsayin bai shafe su ba. Ya mai da rigar kan hanga, a goge. Rannan na yi hamma, ya ce, "In kin gaji ki shiga ɗakinki ki ɗan kwanta."

"Ɗakina?"

Ya yi dariya ya ce baki ne ya suɓuce. Na taya shi dariyar. Amma daga ranar, in na tsaya gaban madubi ina zura zoben ɗankwali, sai in ga hannuna ya sauke shi kaɗan ya karkata shi hagu ba tare da na sa shi ba. Na fara jin tsoron kayan da na yi shekaru ina faɗa da gidanmu a kansu. Ranar Asabar a da'ira, hannuna na hagu ya yi sanyi har gwiwa, ni da nake ce wa yara tsoro ne kawai.

Ranar Laraba, saura kwanaki manya su zo, na tashi daga makaranta na yanke shawara. Ba zan shiga gidan mutane da ƙarya ba, ko da ƙaryar tausayi ce. Zan je in gaya wa tsohuwar nan gaskiya a hankali, in ta yi kuka in rarrashe ta. Ina sanye da doguwar riga mai ruwan ganye da mayafi ruwan madara, da ɗan kunne, da jakar hannu cike da littattafan yara. Ban gaya masa zan je ba.

Na yi sallama. Inna na tsintar wake a faranti. Ta ɗago ta dube ni sau ɗaya ta ce, "A'a, malamar yara ce da rana haka? Shigo. Kayan nan sun fi karɓarki."

Na tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa. "Inna, kin gane ni?"

"Me zai hana? Ba ke kika yanke min farce ba?"

Na zauna a bakin tabarma. Duk jawabin da na shirya a hanya ya watse. Na ce, "Na zo ne in ce miki ni ba Auta ba ce."

Ta ajiye farantin. "Na sani, 'yar nan. Ni na rufe mata ido da hannun nan. Uwa ba ta manta inda ta kai 'yarta."

"Amma ya ce min hankalinki..."

"Hankalina ƙalau yake, sai dai gwiwa." Ta yi ɗan murmushin da ba na daɗi ba. "Ranar wata Asabar ce, rundunarsu za su dasa itatuwa a bakin makaranta. Ta makara, tana ta kuka wai Malama za ta yi faɗa. Na ce ta hau mota. Shi ya ce a'a, zai kai ta a babur ɗinsa, ya fi sauri. Babbar mota ta same su a mararraba. Shi ya tashi da ƙwarzane a haɓa. Ita ba ta isa ba."

Na ce, "Allah ya jiƙanta."

"Amin. Malama ta gaya min da ta zo gaisuwa, wai sun gama dashen sun yi da'ira, suka bar mata wuri ko za ta iso a guje kamar yadda ta saba. Suna tsaye a haka labari ya same su. Ban san har yanzu kuna bari ba sai rannan da na gani a tsakar gidana." Ta goge ido da bakin mayafi. "Kin kyauta da ba ki rufe ba."

Na dubi ƙofar ƙarshen baranda. "To ɗakin fa? Na ɗauka ke kika hana a taɓa."

"Ni? Tun shekarar farko nake cewa a buɗe a ba mabukata kayan, ladan ya kai mata. Shi ya sayo kwaɗo. Makullin a wuyansa yake kwana. Ranar da kika shiga kantinsa ya shigo gidan nan ko takalmi bai cire ba, ya ce, Inna na gan ta. Na ce, wa ka gani? Sai da ya haɗiye sunan da ya zo bakinsa, sannan ya ce, wadda zan aura."

Na ce, "Me ya sa kika kira ni da sunanta?"

"Shi ya roƙe ni. Ya ce in na kira za ki amsa." Ta kama hannuna, tafinta a bushe, da ɗumi. "Ni kuma na yi son kai. Shekaru ɗana ba ya cin abinci sai na tsaya a kansa, ba ya dariya. Kika zo ya fara ƙoshi. Na ce bari in yi shiru, ko Allah zai sa ya warke a hannunki. Amma ke ma 'yar wata ce. Ki yafe min."

Hawaye suka zubo min, na bar su. Ba ita nake jin haushi ba, shi ma ba haushinsa nake ji ba, kuma wannan ne ya fi min ciwo. Na tambaye ta abin da ya kawo ni tun asali, ko da ban san shi ne ya kawo ni ba.

"Inna, yana so na?"

"Ban sani ba. Shi ma ban jin ya sani. Ran Lahadi ƙannen babansa za su je gidanku. In sun je sun dawo, magana ta fita daga hannunki. Ki je ki gano da idonki kafin nan."

Na fito lungun, na tsai da mai babur, abin da rabona da yi tun ranar da na san Mai Fenti. Iska tana kaɗa mayafina ina riƙe da jaka a ƙirji, har muka wuce mararrabar, ban rufe ido ba.

Kantin ba kowa sai shi. Warin fenti da kananzir, galan-galan a jere har rufi, fanka tana juyawa a hankali. Yana zaune bayan kanta, kansa a sunkuye kan waya, yana rubutu yana murmushi. Ina taka bakin ƙofa na ji tawa wayar ta yi motsi a cikin jaka. Ban ciro ta ba. Na ƙarasa har gabansa, kusa yadda ina ganin tabon haɓarsa da igiyar makullin da ta leƙo daga wuyan rigarsa. Na yi sallama da muryar da yake ji a waya kullum.

Ya amsa, ya kifa wayar, ya ɗago ya dube ni a fuska sosai, da ladabin da yake yi wa kowa.

"Sannu da zuwa, Hajiya. Fenti ko burushi?"

Na dafa kantar. Na ce, "Ka duba da kyau."

Ya ɗan ƙanƙance ido. Na ga muryar ta isa kunnensa, na ga yana neman inda zai ajiye ta. Na tsaya ina roƙon Allah a zuciyata ya tsaya a fuskata, ya ga idona, ya ga ɗan kunnen da na sa, ya kira ni ko da Shugaba ne. Sai idonsa ya bar fuskar ya gangara a hankali zuwa wuyana, ya tsaya can ɓangaren hagu, inda babu komai.